Kukan da Aka Hana Nabawiyya

Ana gab da magariba darakta Nadir ya aiki Shahhat ɗakin ajiya ya ɗauko tsohon faifai. Aikinsa ke nan shekara talatin a wani gidan shirya fim da ke birnin Giza: ɗauko wannan, mayar da wancan. Bana ana sake yin wani fim na shekara hamsin baya, labarin aljanar rijiya, darakta kuma yana son kukan aljanar na asali.

Tun da rana darakta ya kunna wa ma'aikata guntun kukan a waya.

"Ku ji fa! Akuya aka taka ne? Sai na'ura ta wanke mana shi." Ya juyo. "Baba Shahhat, kai da ka tsufa a nan, wace ce wannan?"

"Wa ya sani, ranka ya daɗe? Wata ce dai aka tsinto a titi."

Shahhat ya fi kowa dariya.

Muryar uwarsa ce. Nabawiyya, mai kukan makoki daga karkarar Suhag. Ana ɗaukarta gidan mutuwa, ta kira sunan mamaci, ta jero halayensa, ta dakata mata su amsa. Da wannan maƙogwaron ta ciyar da shi. Yau kwananta talatin da tara a ƙasa. Ranar jana'izarta abokan aiki sun zo, shi ya hana mata masu makoki buɗe baki. "Ba a ƙauye muke ba," ya ce.

Ɗakin ajiyar a ƙarƙashin ƙasa yake. Warin tsami na tsofaffin faya-fayai, ƙura, ƙwan lantarki ɗaya mai ƙyaftawa. Can sama ladan ya fara kira. Shahhat ya sami gwangwanin faifan, ya rungume shi, ya juya.

Ƙofar ta rufe. A hankali, kamar yadda ake rufe wa mai barci.

Sai ƙamshin hulba. Ita uwarsa take dafawa ta sha kafin ta fita aiki.

Kukan ya taso daga cikin gwangwanin, yana jin shi a ƙirjinsa. Babu na'ura, babu waya. Na fim ɗin ihu ne kawai. Wannan da magana.

"Wayyo Nabawiyya, wadda ta yi wa dubu kuka..."

Shiru. Ya san shirun. Nan ne mata ke amsawa.

Ya ja ƙofa. Ko motsi.

"Wayyo Nabawiyya, uwar ɗa ɗaya..."

Muryar ta bar gwangwanin. Tana bayan kantoci.

Shiru.

Ƙwan ya mutu.

"Wayyo Nabawiyya..." Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa. Sai ƙasa-ƙasa: "Wadda aka tsinto a titi."

Ya durƙusa.

"Umma," ya ce, "ki yafe min."

Ba yafiya ta zo bayarwa ba. Amshi take jira.

Ya buɗe baki. Abin da ya fito bai san yana cikinsa ba. Ya kira sunanta da na ubanta. Ya faɗi baƙin mayafinta ɗaya tilo, da tafin ƙafarta da ya tsage, da burodin da take ɓoyo masa daga gidajen makoki. Ya yi kuka irin na Suhag, irin wanda ya hana.

Bai san sanda ƙofar ta buɗe ba. Da rarrafe ya hau matakala.

Washegari aka ɗora faifan a na'ura, kowa yana tsaye. Aljanar ta yi kukanta. Inda a da shiru yake biyowa, sai ga muryar namiji, a shaƙe, yana amsawa.

Babu wanda ya yi dariya.

"Wannan ba ya cikin tsohon fim," in ji darakta. "Wane ne?"

Shahhat ya cire hularsa. Muryarsa ta dushe, har yau ba ta dawo daidai ba.

"Ɗanta ne, ranka ya daɗe. Sunanta Nabawiyya. Ku rubuta."