Auta da Kwandon Gyaɗa

Kowane ƙarshen wata ana gasar girki a dangin su Auta. Yara ne ke karawa, manya su ci, Kaka ta yanke hukunci. Mai masaukin baƙi yakan ɓoye abu guda a kwando. Sai an taru ake buɗewa, kowa ya yi girki da shi.

Ɗan kawun Auta ne yake cinyewa kullum, har aka laƙaba masa suna Mai Ludayi. Abin yana ƙona wa Auta rai.

"Son kai Kaka take yi!" in ji ta. "Shi kaɗai ya iya riƙe cokali?"

Mama ta ce, "Ke dai rage gishiri, ki bar Kaka ta huta."

Da gasa ta zagayo gidansu, aka bar wa Auta zaɓin abin ɓoyewa. Ta san jikin Mai Ludayi ba ya shiri da gyaɗa. Ko taɓa ta ya yi sai ya kumbura. Gyaɗar ta zuba a kwandon, ta rufe.

Da yamma baƙi suka cika falo. Aka jera tukwane a kicin. Auta ta ɗaga murfin kwando. Sai ga gyaɗa.

Mai Ludayi ya dube ta. "Auta, ai kin san ba na taɓa gyaɗa."

"Doka doka ce," in ji Auta. "In tsoro kake ji, koma gefe."

Kalmar tsoro ta soke shi. Kafin Kawu ya hana, ya tsoma hannu ya ɗebo. Nan da nan hannunsa ya yi ja. Leɓensa ya kumbura, ya fara tari. Kawu ya sungume shi sai asibiti.

Kaka ta buga sandarta a ƙasa. "Wa ya zaɓi wannan abu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Kaka."

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

Mama ta miƙe. "Ɗan'uwanki! Saboda gasar abinci? Kin ba ni kunya a gaban mutane!"

"Ni fa so nake in ci ko sau ɗaya," in ji Auta.

"To ga fili ya zama naki," in ji Kaka. "Dafa mu gani, wa zai ci?"

Babu wanda ya kunna wuta. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, duk motar da ta wuce sai ta leƙa.

Can sai ga Kawu da Mai Ludayi. An yi masa allura, kumburin ya fara saɓewa. Auta ta durƙusa.

"Kawu, ka yi haƙuri. Yaya, ka yafe mini. Hassada ce ta rufe mini ido."

Kawu ya dube ta. Sannan ya ce, "Tashi. Allah ya tsare gaba."

Mai Ludayi ya yi murmushi da ƙaton leɓensa. "Na yafe. Ni ma taurin kai ya ja mini. Da kin tambaye ni, ai da na koya miki."

Kaka ta hana Auta shiga gasa ta gaba. A ranar gasar, wanke-wanke ta yi har ta gaji. Amma kowace Asabar Mai Ludayi yakan zo ya nuna mata yadda ake soya albasa ba ta ƙone ba.

Da ta dawo gasa, karas aka samu a kwando. Auta ta zo ta biyu. Ta yi tsalle kamar ita ta cinye, Kaka kuwa har ƙari ta nema.

Auta ta gane cewa nasarar da za ta cutar da wani ba nasara ba ce. Wanda ya fi ka iyawa, ka koya a wurinsa, kada ka haƙa masa rami.