Tsakuwa a Faifan Shinkafa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, wata makarantar firamare a unguwar Barnawa ta shirya biki. Za a dafa shinkafa da nama. Amma shinkafar 'yar gida ce, cike take da tsakuwa.

Malama Juliana ta ba kowane ɗan aji biyar faifai guda ya tsince, ya juye a buhu ɗaya.

Akwai wata yarinya a ajin, ga wayo ga son wasa. Ta ce a ranta, in an haɗa a buhu, wa zai gane nata? Ta ɗan yamutsa shinkafar, ta juye, ta tafi wasan 'yar gala-gala.

Ashe rabin ajin haka suka yi. Malama ta ɗebo daga buhun, ta duba, dariya ta kama ta.

"Wannan abinci ne ko kayan gini?" in ji ta.

Sai ta sake raba shinkafar, ta kawo sabuwar doka. Kowa ya gama, wani zai duba faifansa. Wanda ya samu tsakuwa, naman mai faifan ya zama nasa.

Yarinyar ba ta da abin so kamar nama, amma wayo bai bar ta ba. Ta raɗa wa ƙawarta Halima cewa su duba wa juna, kowacce ta rufa wa 'yar'uwarta asiri. Ta sake yin aikin sama-sama.

Da aka gama, Malama ta ce ba mai zaɓen mai duba masa, ita za ta zaɓa. Faifan yarinyar ya faɗa hannun Garba, sarkin ci na ajin. Nan take ya ɗaga tsakuwa yana washe baki.

Kunya ta rufe yarinyar, idonta ya ciko.

"Malama, na yi kuskure. A ba ni in sake."

"Ki sake, amma nama ya riga ya tafi."

Yarinyar ta zauna ta tsince tsaf. Garba ya duba har ya gaji, bai samu komai ba.

Ranar biki kowa ya ci shinkafa hankali kwance. Garba ya yago rabin naman ya miƙa wa yarinyar, ta karɓa da murna.

Daga ranar ta gane cewa a aikin taro, kowa ya yi nasa da kyau, ko ana dubawa ko ba a dubawa.