Kujerar Tulu

Insifekta yana cikin neman bironsa, sai wani ƙaton mutum ya cika ƙofar ofis yana haki. Mawaƙi ne, Tulu ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba.

"Yallaɓai, an sace mini salo! Tsinke ne, ƙanen matata, tsohon ɗan amshina. Ya saki waƙa kowa na cewa tawa ce. Masu gayyatata duk sun koma wajensa."

"Ya ɗauki baitocinka?"

"A'a."

"Karin waƙarka fa?"

"Shi ma a'a. Amma yadda nake jan murya..."

"To doka ba ruwanta. Baiti da kari take karewa, salo kowa na iya kwaikwaya. Ni ma tafiyar tsohon maigidana nake yi, bai taɓa kai ni ƙara ba."

Tulu ya kunna waƙar a waya kamar zai yi kuka. A ƙarshen kowane baiti sai a ji wani sauti, ƙiiit.

"Har wannan, Yallaɓai! Da shi aka san ni."

"Wane abin kiɗa ne wannan?"

Tulu ya rage murya. "Kujerata ce. In ina waƙa ina rangaji, ita kuma tana amsawa. Tun da ta ɓace ko baiti ɗaya na kasa yi."

"Ta ɓace? Bawan Allah, an sace maka kujera ka zo kana ba ni labarin salo?"

A ɗakin ɗaukar waƙa, sawun ƙafafun kujerar na nan a kan kafet. Mai haɗa sauti ya ce kafinta aka kai wa gyara, amma ya ƙi haɗa ido da kowa.

Kafinta ya rantse bai gan ta ba. "Sai dai wani siriri ya taɓa kawo mini sabuwar kujera, wai in sa ta kuka. Na ce ni hana kujera kuka na koya."

Da aka koma kan mai haɗa sauti, sai ya tuna cewa ya ara wa Tsinke mukulli.

Insifekta da Saja sun tarar da Tsinke a ɗakinsa, gefensa wata kujera an yi mata sabon fenti.

"Tawa ce, Yallaɓai. Kuma ba ta kuka. Zauna ka ji."

Insifekta, wanda shi ma ba auki gare shi ba, ya zauna ya yi rangaji. Shiru. Tsinke ya fara murmushi.

Sai idon Insifekta ya kai kan buhun siminti a bayan ƙofa, ya dawo kan farar ƙurar da ke cinyar wandon Tsinke.

"Gini kake yi?"

"E... niyya dai."

"Zo ka zauna. Saja, ɗora masa buhun nan a cinya."

Ƙiiit!

Tsinke ya saki jiki a ƙarƙashin buhun. "Ni na ɗauka. Komai na Yaya na iya, sai wannan ya gagare ni. Sai na ɗora buhun nan a cinya take yi mini kuka. Wallahi bayana har yanzu ciwo yake."

Aka sa masa ankwa, aka ɗora kujerar a bayan mota a matsayin shaida.

Da Tulu ya zo ofis, Insifekta ya gaya masa gaskiya. "Kujera ce za ta ɗaure shi. In ya fito ya ci gaba da waƙa irin taka, ba abin da zan iya yi."

"Ya yi ta yi," in ji Tulu cikin murna. "Ba shi da ƙiiit."

Kofur ya wuce da Tsinke zuwa bayan kanta. Sai ga Saja ya shigo ɗauke da kujerar, guduma a hammata, fuskarsa cike da alfahari.

"Yallaɓai, kukanta ya dame ni a mota. Na buga mata ƙusa, na zuba mai."

Tulu ya zauna a hankali. Ya yi rangaji dama, ya yi hagu. Ko tari kujerar ba ta yi ba.