Wayar Jabu a Tsohuwar Fijo

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Mujitaba rahoto a ofishinsu na Doguwa. Jiya bayan magariba wata tsohuwar Fijo ta take wani makiyayi, Mu'azu, a bakin dajin Falgore, ya mutu nan take. Direban, Ukasha, yana tsare. 'Yan'uwan mamacin sun cika ƙofar ofis da sanduna, suna cewa a miƙo musu shi.

"Tuƙi ba fitila?" Sufeto ya daka wa Ukasha tsawa. "Haukacewa ka yi?"

"Wallahi ranka ya daɗe da fitila na taso. Ina shan kwana na ji ƙaurin roba, sai duhu."

Mujitaba ya gaji da rantsuwar direbobi, amma ƙaurin nan ya tsaya masa a rai. Ya buɗe gaban motar, ya tarar wayar fitila ta narke. Ya kankare guntunta da wuƙa: ja a waje, fara fat a ciki. Jabu ce, ba jan ƙarfe na gaske ba. A gurbin fiyus kuwa, takardar kwalin sigari mai ƙyalli aka cusa.

Sufeto ya sa aka kira mai motar, Alhaji Mudi na Ƙofa. Gadonta ya yi wajen mahaifinsa, yana lallaɓa ta kamar ƙwai.

"Ba wanda ya taɓa ta," in ji shi. "Direban ne ya jagwalgwala."

"Yana shan sigari?"

"A'a."

"To daina raina min hankali, Alhaji. Wa ya yi wayar?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Tsoro yake kada makiyaya su biyo shi gida. Ya ce Ja'afar ne, mai gyaran wutar mota a Tudun Wada. "Amma waya ta asali na kai masa, daga jikin irinta aka ciro. Duk kayan da na saya sai na ɗiga masa koren fenti, don ban yarda da bakanike ba."

A garejin Tudun Wada, ko tashi Ja'afar bai yi ba. Karan sigari na maƙale a kunnensa.

"Abin da aka kawo na sa," ya ce a gadarance. "In ta ƙone, laifina ne?"

Sufeto ya nuna wata Fijo da ke ajiye a gefe. "Waccan Fijon ta waye?"

"Tawa ce."

"Buɗe."

"Makullin yana gida."

Sufeto ya zura hannu ta taga ya buɗe gaban motar da kansa. Ga waya mai kauri kwance, ga ɗigon koren fenti. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Jikin Ja'afar ya yi sanyi. "Irinta ba ta samuwa yanzu, shi ya sa na musanya. Fiyus ya dinga ƙonewa, na sa takarda don ta kai su gida. Ban yi nufin kisa ba."

"Ka gaya wa alƙali," in ji Sufeto, ya ɗaura masa ankwa.

A Doguwa taron bai watse ba. Mujitaba ya fito da Ukasha, yayan mamacin ya tare ƙofa. Sufeto ya yi masa bayani, ya miƙa masa guntun wayar. Mutumin ya lanƙwasa ta da yatsu biyu, ta karye.

"Wannan ce ta kashe Mu'azu?" ya tambaya.

Ya sauke sandarsa, ya matsa gefe, Ukasha ya wuce.