Tokar Baban Devraj

Surukata Phulmati, matar ɗana Devraj, ta bi gari tana cewa na zautu, wai shekara guda ina kwana rungume da tukunyar tokar gawar mijina. Ita da ko shayi ba ta iya dafawa! Don in rufe mata baki na ɗauki tukunyar, na ratsa daji har bakin kogin Ganga, can saman duwatsu, inda ake zuba tokar mamata.

Na isa an kashe fitilun ibada, kowa ya watse, sai wani tsoho zaune kan dutse, ya ba ni baya. Ƙafafunsa na cikin kogin, amma ruwan wucewa yake kamar babu komai a wurin.

"Tokar wa kika kawo?" ya tambaya.

"Ta baban Devraj."

"Kogi bai san baban kowa ba. Kama sunansa, ko ki koma da shi gida. Duk surutunki wannan ya gagare ki?"

Shekara hamsin ban taɓa faɗin sunan ba, matar kirki ba ta yi. Na buɗe tukunyar, hawaye na zuba.

"Girdhari," na ce.

Tsohon ya sauke dogon numfashi.

"Na'am."