Mai Riƙe Madubi

Bango uku Wimalasiri ya cika da zanen rayuwar Buddha a ɗakin ibadar ƙauyensu, tun daga haihuwarsa har kwanciyarsa ta ƙarshe. Saura idanun Buddha. Su ake zanawa ƙarshe, kafin gari ya waye, ƙofa a kulle. Mai zane yakan juya wa hoton baya yana duba madubi, don kallon farko na idon nan ba ya barin mutum lafiya.

Asali aikin na malaminsa ne, tsoho Heen Banda. Wimalasiri ya bi gari yana cewa tsohon ya makance, har aka ƙwace aka ba shi. Baƙin ciki ya kashe tsohon kafin damina.

Asubahin zana idanun, Wimalasiri ya ɗaga buroshi ke nan, sai madubin da ya jingine ya miƙe. Wani ne ya riƙe shi. Harshen fitilar man kwakwa ya kwanta, alhali ba iska.

"Hannunka na rawa, yaro. Haka na koya maka?"

Wimalasiri ya san muryar. Ya ƙi ɗago kai. "Malam, ka yi haƙuri. Iyali gare ni."

"Haƙuri ai na yi, har ƙasa ta rufe ni. Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Fuskar tsohon ce, gurbin idanun fari fat kamar na hoton bango.

"Ka ce ba ni da ido," in ji tsohon, yana miƙo yatsu. "To, ba ni naka in ƙarasa aikina."