Inda Fetur Ya Kauce

Kafin gari ya waye ɗakin ajiyar kayan kulob ɗin ƙwallo ya zama toka. Sabbin riguna jajaye sun narke sun manne da juna, mai gadin da ke kwana ciki kuma yana asibiti, rai a hannun Allah. Sufeto ta tsaya a bakin doguwar barandar da ke kaiwa ɗakin, ba ta jin komai a ranta, kamar wadda aka aiko kallo.

Mai kulob dai ya riga ya yanke hukuncinsa. Shekarun baya da ya sayi kulob ɗin ya canja launinsa daga kore zuwa jan kamfaninsa, ya sa aka shafe tsohon tambarin da ke ƙasan baranda da siminti. Tun daga nan magoya baya ba su bar shi ya sha ruwa ba. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ke maka magana idonsu na kan waya.

"Bakaniken nan ne, shugaban masu ihu," in ji shi. "Ki kai shi kotu yau."

Bakaniken yana tsare, matarsa na bakin ƙofa da goyo. In mai gadi ya cika, tuhumar kisa ce za ta hau kansa.

Sufeto ta bi sawun wutar. An tsiyayo fetur ne daga ɗakin zuwa waje, aka kunna daga can. Baƙin layin ya miƙe sak, sai a tsakiyar baranda ya lanƙwasa ya zagaye wani fili da babu komai a kansa, sannan ya sake miƙewa. Ta sa kujera a ƙarshen barandar, ta ce a riƙa shigo mata da mutane.

Manaja, wanda ake shirin kora, ya shigo yana share gumi, ya bi ta tsakiya abinsa.

"Ina kake jiya?"

"Wajen haihuwar matata. Ki tambayi ungozoma."

An tambaya, haka ne. Aka kawo bakanike, shi ma ya tako tsakiyar ba ko ɗar.

"Ka taɓa ganin tsohon tambarin?"

"A hoto, ranki ya daɗe. Na zo garin nan an riga an shafe shi. Zagi kam na yi, amma ban kunna wuta ba."

Wajen azahar aka kira ta daga asibiti. Ta saurara, ta ajiye wayar a kan cinya. Can sai ga wani tsoho ya shigo roƙon a saki bakanike, tsohon makaɗin gangar kulob, mahaifinta. Yana tafe yana gyara hula. Da ya iso tsakiya, ƙafafunsa suka kauce da kansu, bai ko kalli ƙasa ba. A lokacin ne ta lura ita ma tun safe zagayewa take yi.

"Baba, zauna."

"Yaron nan bai yi komai ba, uwata."

"Na sani. Wanda ya zuba fetur yana ja da baya, cikin duhu, da jarka a hannu, amma bai yarda ya taka tambarin da ba ya nan ba. Mai kulob da mutanensa takawa suke. Sababbin magoya baya ba su san wurin ba. Tsofaffinku kuma, da ba ku taɓa taka shi ba, kai kaɗai ka rage mai iya ɗaukar jarka." Ta dubi hannunsa. "Gashin hannunka ya ƙone."

Tsohon ya ja hannun riga ya rufe.

"Riguna kawai nake nufi. Wallahi na ɗauka yana kwana a bakin get. Yaya jikin nasa?"

"Ya rasu ɗazu."

Ta jira kuka ya zo mata, bai zo ba. Ta aika a saki bakanike. A wajen mota ta buɗe wa mahaifinta ƙofar gaba, yadda ta saba. Ya girgiza kai, ya buɗe ta baya da kansa, ya zauna tsakanin 'yan sanda biyu.